Inda Ake Shuka Ruwa

Ruwa ne ya fara tarye ni a Pampaneira. Na sauko daga bas da jaka a kafaɗa, na shiga wani lungu mai hawa, sai ga ruwa yana gangarowa a tsakiyar hanya cikin 'yar kwata da aka shafe da duwatsu, garai-garai, har ana ganin tsakuwar da ke ƙasansa. Na sunkuya na tsoma hannu, sanyin ya ratsa ni har gwiwar hannu. Wata tsohuwa da ke zaune a bakin ƙofarta ta ga abin da na yi, ta ɗaga sandarta ta nuna mini can sama, inda tsauni ya naɗa farin rawani na dusar ƙanƙara. Ba ta ce komai ba, amma na gane daga can ruwan yake.

Farkon watan Mayu ne. Wani aiki ya kai ni birnin Granada da ke kudancin Sifen, muka gama da sauran kusan mako biyu kafin ranar komawa. Abokan tafiyata suka tsara zagaye, yau Kurɗuba, gobe Ishbiliya, jibi Madrid. Ni kuwa ɗan manomin lambu ne, tun ban kai shekara goma ba nake bin mahaifina ban ruwa da asuba, kuma na ji cewa a bayan tsaunin nan da ake hangowa daga fadar Alhamra akwai ƙauyukan da har yau suke shayar da gonakinsu ta hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin Musulmin Andalus. Na ce su je lafiya, mu haɗu a filin jirgi.

Sunan yankin Alpujarra, mutanen wurin kuma suna furta shi kamar "Alpuhara". Yana kwance a gefen kudu na tsaunukan Sierra Nevada, yana fuskantar Bahar Rum. Bas ta ɗauke mu daga Granada, ta bi ta Lanjarón, garin da ruwansa na gora ya cika kantunan Sifen, ta sauka Órgiva, daga nan ta kama hawa, kwana bayan kwana, sama da awa biyu gaba ɗaya. A cikin kwazazzabon kogin Poqueira ƙauyuka uku ne farare fat, kowanne a saman ɗan'uwansa: Pampaneira a ƙasa, Bubión a tsakiya, Capileira a sama, mita 1,436 daga doron teku. A bayansu kuma Mulhacén ne, mita 3,479, wanda babu tsaunin da ya kai shi tsawo a duk faɗin tsibirin Iberiya. Sunan sarki ne, Maulaya Abul Hasan Ali, mahaifin sarkin Granada na ƙarshe. Almara ta ce a can ƙololuwar aka binne shi.

A Capileira na sauka, gidan wata mata mai kimanin shekara saba'in da ke ba da hayar ɗaki biyu. Da safe na buɗe taga sai na tsaya cak. Duk rufin garin shimfiɗaɗɗe ne, na ƙasa, launin toka, ɗaya yana bin ɗaya kamar matakala, rufin wannan gidan shi ne farfajiyar na samansa. Wanda ya taso a soro ba ya buƙatar a yi masa bayani. Na roƙe ta ta nuna mini yadda aka yi shi, ta kai ni ɗakin girki ta ce in ɗaga kai. Gumakan itacen kastaniya ne aka gicciya a inda mu muke sa azara, aka jera ƙananan sanduna a kansu, aka shimfiɗa falalen duwatsu masu laɓa-laɓa, aka zuba taɓo, sannan a can sama aka daɓe da wata ƙasa mai toka-toka da suke kira launa. Idan ta jiƙa sai ta haɗe jikinta, ruwa ba ya ratsa ta, aikin da makuba take yi mana ke nan. Lokaci-lokaci ana ƙara sabuwa a sake daɓewa, kuma ta ce iyayensu ba sa zuba launa sai wata ya fara raguwa. A kan kowane rufi akwai bututun hayaƙi doguwa mai hular dutse. A kan rufin ake shanya barkono da wake da masara, a nan ake shan hantsi, a nan ake hira da maƙwabta.

Akwai kuma abin da suke kira tinao, wato rufin da ake ɗorawa a kan lungu daga wannan gida zuwa wancan, sai ƙasansa ya zama rumfa. A nan ake sauke wa alfadari kaya, a nan tsofaffi suke zama. Zaure ne wanda ba na kowa ba.

Kwana biyun farko ban yi komai ba sai koyon lokacin garin. Ba a buɗe kanti da sassafe. Ƙarfe biyu na rana kowa ya shige ya ci abinci ya yi ƙailula, ba ka jin motsin komai sai ruwa da ƙararrawar awaki daga nesa, har wajen ƙarfe biyar. Magariba kuwa sai bayan tara na dare take yi, don haka tsakanin la'asar da faɗuwar rana akwai wani yini guda cur. Duk wanda ka gamu da shi a hanya zai gaishe ka, ko bai san ka ba, abin da ban samu ba a manyan biranen Turai. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sukan iso Pampaneira, a sauko, a ɗauki hoto, a sayi jarapa, wato shimfiɗar da ake saƙawa da tsummokin yadi masu launi-launi, a sha kofi, bayan awa ɗaya a koma. Ban ga laifinsu ba, wataƙila lokacin da suke da shi ke nan, kuma da kuɗinsu ƙauyen yake rayuwa. Amma na tausaya musu, domin abin da ya riƙe garin ba a dandali yake ba, yana can sama, tafiyar awa biyu a ƙafa.

A rana ta uku na bi ruwan. Na fita ta saman Capileira, na wuce gonakin da aka sassara a jikin tsauni hawa-hawa, kowanne an tokare shi da katangar dutse ba siminti. Dankalin Turawa ya fito, waken nan mai faɗin kwanso ya yi 'ya'ya, ga albasa da tafarnuwa. Hanyar ruwan tana tafiya a gefen tsaunin kusan a miƙe, gangarenta kaɗan ne ƙwarai, yadda ruwan ba zai tsaya ba kuma ba zai yi gudun da zai cinye ƙasa ba. Wanda ya taɓa jan ruwa a lambu ya san wannan lissafin ba wasa ba ne. A yi shi kilomita da kilomita a gefen dutse, ba inji, sai ido da fartanya! Faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Ƙasanta ƙasa ce da duwatsu, gefenta ciyawa, kuma duk inda ta bi za ka ga koren layi ya ratsa busasshen tsauni, manyan itatuwan kastaniya sun jeru a ƙarƙashinta.

A can na tarar da wani dattijo a sunkuye cikin ruwan da takalmin roba, yana kwashe ganye da laka da wata fartanya mai faɗi. Na yi masa gaisuwa da ɗan Sifananci da na koya, na ce ko zan taimaka. Ya dubi hannuwana tukuna, sannan ya miƙo mini fartanyar. Da ya ga yadda na riƙe ta, na sari laka na manna a gefen da ya zube na danne da ƙafa, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka?" Na ce mahaifina. Daga nan ya saki jiki.

Sunan hanyar ruwan acequia, ana furta shi "asekiya", daga Larabci as-saƙiya. Ya ce iri biyu ne. Akwai wadda take kai ruwa gona, kowa ya san wannan. Akwai kuma ta can sama, wadda suke kira careo, kuma ita ce ban taɓa jin irinta ba. Daga watan Maris zuwa Yuni dusar ƙanƙara tana narkewa, koguna su cika su yi ta gudu, kuma idan aka bar ruwan zai gangara teku cikin 'yan kwanaki a lokacin da gonaki ba su matsu da shi ba. To sai su tare shi tun daga sama, su karkatar da shi cikin asekiya, su ja shi a gefen tsauni zuwa wasu wurare da kakanninsu suka gano cewa dutsen wurin yana da tsaga, yana shan ruwa. A nan sai su sake shi da gangan. Ya malala a kan ciyawa, ya nutse, ya ɓace. Wanda bai sani ba zai rantse ɓarna ake yi. Ruwan kuwa yana can cikin tsaunin yana tsiyaya a hankali ta tsagogin duwatsu, mako bayan mako, har ya ɓullo a idanun ruwa da famfunan ƙauyuka a watan Yuli da Agusta, lokacin da sama ba ta zubar da ko ɗigo, rana tana ƙuna. Suna kiran wannan aiki shuka ruwa. A shuka shi a bazara, a girbe shi da zafi.

Na zauna a kan dutse ina juya maganar. Mu a gida damina takan zo da ruwan da ya fi ƙarfinmu, ya ci gona ya rusa gida ya wuce, bayan wata huɗu mu koma muna haƙa rijiya a gindin rafi. Ban ce abin da ya yi a tsaunin ƙanƙara zai yi a ƙasarmu ba, ƙasa ba ɗaya ba, dutse ba ɗaya ba. Abin da ya kama ni shi ne tunanin. Mutanen nan ba su gina katangar da za ta tsare ruwa ba, jinkirta shi kawai suka yi, suka mai da tsaunin kansa randa. Kuma masana sun nuna cewa an fi shekara dubu ana yin haka a nan.

Na tambaye shi wa yake da ruwan. Ya ce duk wanda yake da gona a ƙarƙashin asekiya yana cikin ƙungiyar masu ban ruwa, kuma haƙƙin ruwan yana bin gonar ne. Kowace shekara kafin a saki ruwa ana sa rana, kowane gida ya kawo mutum, a bi hanyar daga kai har gindi ana yashewa ana gyara inda ya zube, wanda bai zo ba ya biya. Gayya ce sak. Akwai mutum guda da aka ɗora wa kula da rabon, shi yake buɗewa yake rufewa. Rabon kuma da awa ake yi, kowa da ranarsa da lokacinsa, ko da tsakar dare ya faɗo maka sai ka tashi. Wannan layin a wasu garuruwan Granada ana ce masa dula, daga Larabci daula, abin da yake zagayawa daga hannu zuwa hannu. Tafkin da ake tara ruwa a ciki alberca, wato al-birka. Gungun ƙauyukan da ke gabas da nan kuma har yau sunansu La Taha, daga kalmar da Larabawa suke kiran gunduma mai biyayya ga hukuma ɗaya, ita ce dai ɗa'a da muke faɗa da Hausa. Dattijon Kirista ne, akwai ƙaramin gicciye a wuyansa, amma kalmomin sana'arsa na ji su tun a makarantar allo.

Yadda aka yi haka labari ne mai ɗaci. Ranar 2 ga Janairu 1492 Sarki Abu Abdullahi, wanda Turawa suke kira Boabdil, ya miƙa Granada ga Sarki Fernando da Sarauniya Isabel. Aka ba shi ƙasa a nan Alpujarra, bai daɗe ba ya haye Maroko a 1493. Talakawa suka zauna. Sun shahara da kiwon tsutsar siliki, shi ya sa har yanzu ake ganin tsofaffin itatuwan tut, waɗanda tsutsar take cin ganyensu, a gefen gonaki. Aka tilasta musu shiga Kiristanci, aka sa musu suna Moriskawa. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya hana su Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu da sunayensu. A ƙarshen Disambar 1568 tsaunukan nan suka yi bore a ƙarƙashin Aben Humeya, aka yi yaƙi mai muni har 1571, an zubar da jini ta kowane ɓangare. Da aka murƙushe su sai aka kwashe Moriskawan masarautar Granada, kimanin mutum 80,000, aka watsa su cikin ƙasar Kastila, sannan daga 1609 zuwa 1614 aka kore su daga Sifen baki ɗaya. Aka kawo Kiristoci daga wasu sassan ƙasar aka zaunar a gidajensu. Mutanen yankin suna ba da labarin cewa a kowane ƙauye an bar gida biyu na Moriskawa don su koya wa baƙin yadda ake sarrafa ruwa.

Wannan maganar ta gida biyu ta hana ni barci a daren. Ka ga an kwashe 'yan'uwanka da maƙwabtanka, an mai da masallacinku coci, kai kuma an bar ka don ka nuna wa wanda ya gaje gonar ƙaninka inda dutse yake shan ruwa. Kuma ka nuna masa. Washegari na hau wata masussuka a bayan gari, irin da'irar nan da ake shimfiɗe da falalen dutse a inda iska take kaɗawa, wadda a da ake zagayawa da alfadari a kan damin alkama. Na yi alwala da ruwan asekiya, na yi azahar a kan duwatsun, na yi musu addu'a. Daga wurin ina hango shuɗin Bahar Rum ta tsakanin tsaunuka. An ce idan sama ta washe sosai har duwatsun Maroko ake gani.

Batun abinci sai Musulmi ya yi hattara, domin yankin ya yi suna ne da naman alade, musamman Trevélez, ƙauyen da ke mita 1,476, inda ake rataye cinyoyi a busar da su da iskar tsauni. Na je na yi rabin yini na dawo. Mai gidana, da na yi mata bayani sau ɗaya, ba ta sake bari na tambaya ba. Takan soya mini dankali a hankali cikin man zaitun da albasa da koren tattasai, abincin da suke kira dankalin talaka, ta fasa ƙwai biyu a kai, ta kawo cukun awaki da zuma da burodi. Ta ware mini kasko daban ba tare da na roƙa ba. Ranar Lahadi ta kawo soplillos, wani farin alawa mara nauyi na farin ƙwai da sukari da ƙwayar lauz, ta ce wannan ma gadon Moriskawa ne.

A rana ta bakwai na bar jakar a wurinta na ɗauki sanda na tafi La Taha a ƙafa, ta Bubión na haura tudu na sauka Pitres. Daga nan ƙauyukan ƙanana ne, Mecina, Fondales, Ferreirola, Atalbéitar, tsakaninsu tafiyar minti ashirin ko rabin awa a kan tsofaffin hanyoyin alfadarai. Kusa da Ferreirola akwai idon ruwan da yake fitowa da iska a cikinsa kamar lemon kwalba, na sha na ji ɗanɗanon ƙarfe. A Pórtugos ruwan ƙarfen ya rina duwatsu ja kamar an zuba manja. Na kwana biyu a can, kuma a can ne na ga ɗaya fuskar. Gonaki da yawa sun zama saura, katangu sun zube, ƙaya ta rufe. Gidaje a kulle, wasu baƙi daga arewacin Turai sun saya suna zuwa hutu. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 matasa sun kwarara Barcelona da Jamus da Faransa neman aiki, ba su dawo ba. Idan babu hannu, asekiya takan toshe cikin 'yan shekaru, kuma idan ta sama ta toshe, idon ruwan ƙasa ya ƙafe, itatuwan da suke sha a gefenta su mutu.

A wani wuri na ga an maye gurbin asekiya da baƙin bututun roba, a wani wurin an shafe cikinta da siminti. Hujjar ita ce a hana ruwa zurarewa. Na fahimci manomin da ya tsufa, ba shi da ɗan da zai yi masa yasa, bututu ya fi masa sauƙi. Amma na tsaya na dubi gefen simintin, ciyawar ta bushe, kastaniyar da ke ƙasa rassanta na sama sun mutu. Ruwan da injiniya yake rubutawa a matsayin asara, shi ne abin shan bishiyar nan, shi ne kuma famfon ƙauyen da ke ƙasa. A ganina kuskure ne babba a auna wannan tsari da yawan litar da ta isa gona kawai. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne na ji cewa tun 2014 masu bincike daga Jami'ar Granada da 'yan sa kai suna haɗuwa da manoma suna sake buɗe hanyoyin da aka yi watsi da su, sun fara da ta Barjas a ƙauyen Cáñar, da fartanya da shebur kamar yadda aka saba.

Na koma Capileira ana saura kwana biyu in tafi. Da yamma na gamu da dattijon nan a dandali, ya ce gobe layinsa ne, ƙarfe biyar na asuba, in ina so in zo. Na yi sallah na fita da tocila, sanyi yana cizon kunne. Na same shi a bakin gonarsa yana jira. Da lokaci ya yi ya ɗaga wani falalen dutse da ya toshe bakin, ya mayar da shi ya tare babbar hanyar, ruwan ya juyo ya shigo. Ya ba ni fartanyar ya riƙe tocilar. Na buɗe kunyar farko, ruwan ya bi ta yana tura busassun ganye a gabansa, ƙasa tana ƙara tana sha, ƙamshinta ya taso, irin ƙamshin lambun mahaifina sak. Da ya kai ƙarshe na sari laka na toshe, na buɗe ta biyu. Ba mu yi magana ba sai "ya isa" da "buɗe". Muna kan kunyar dankali ta goma sha huɗu rana ta taɓa kan tsaunin, dusar ta yi ja, sai ga maƙwabcinsa ya gangaro da tasa fartanyar a kafaɗa yana duba agogo. Dattijon ya ce mini saura minti goma, mu ba albasa.